Kukan Inji a Bakin Suruka

Wata huɗu ke nan Malam Ilu bai ɗaga waya ba. Takan yi ta kuka a gefen tabarmarsa a soro, ya bi ta da ido har ta gaji ta yi shiru. Matarsa 'Yardada ta yi magana har ita ma ta gaji. In ta ce, "Malam, ana kira," sai ya ce ai ya ji, shi ba kurma ba ne. Yadda yake furta kalmar kurman nan ne ke sa ta tattara kwanukanta ta koma cikin gida. Abin da bai gaya mata ba, bai kuma gaya wa kowa ba, shi ne yana ganin kunnensa ya fara mutuwa. Ga mutumin da hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta bi shi, kunnen nan kaɗai ya rage da har yanzu ake nemansa dominsa.

A nan Jakara aka haife shi, a wani lungu da ke ɓullewa bakin Kurmi. Mahaifinsa, Malam Mikail, tela ne mai keken ƙafa, kuma a ƙarƙashin keken nan Ilu ya yi barcinsa na yarinta. Yana ɗan shekara bakwai sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, allura za ta karye." A ranƙwashe shi saboda mugun baki. Ba a jima ba allura ta karye, a sake ranƙwashinsa. Da abin ya ishi Malam Mikail, sai ya kama hannunsa ya kai shi garejin manyan motoci a Fagge, ya ce ya je can ya yi wa ƙarafa mugun bakin, su ba sa karyewa da sauƙi.

Ya koyi mota, amma ba ta riƙe shi ba. Ƙananan injina ya koma, na niƙa da na ban ruwa, sannan da ɗauke wuta ya zama ruwan dare, janareta. Kayan aikinsa na farko doguwar sukundireba ce mai ƙotar katako. Ba ya kwance inji sai ya ji ta bakinsa. Zai sa a tayar, ya ɗora tsinin sukundireba a jikin ƙarfen, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Daga nan ya miƙe ya faɗi abin da ya lalace, ya kuma faɗi wanda ya lalata shi, yawanci mai injin yana tsaye. Bai iya lallashi ba ko kaɗan. Mutane sukan tafi suna ƙunƙuni, su dawo wata mai zuwa da wani injin, don abin da ya faɗa shi ake tararwa in an buɗe. Haka aka sa masa Ilu Mai Kunne, ya shekara arba'in yana amsawa.

Yana da hamsin da takwas, wata safiya yana sunkuye a kan inji, sifana ta suɓuce daga hannunsa, ya kai hannu zai ɗauka hannun ya ƙi zuwa. Hawan jini ne. Ya dawo daga asibiti ɓarin jikinsa na dama a shanye, bakinsa ya ɗan karkace. Shekara guda ya yi a soro yana kallon ƙafafun masu wucewa, sukundirebar na ajiye kusa da shi ba ta da aikin yi, kamar mai ita.

Wata rana wani tsohon abokin hulɗa ya bugo daga Bichi don ya duba shi, injin niƙansa na aiki a bayansa. Suna tsakiyar gaisuwa Ilu ya katse shi ya ce, "Bar tambayar jikina, kashe injin nan, boris ɗinsa ya kusa tafiya." Mutumin ya kashe, aka buɗe, aka tarar da boris ya cinye. Kafin wata ya zagayo labari ya kai inda ƙafar Ilu ba ta taɓa zuwa ba. Daga Wudil ake kira, daga Gwarzo, har daga Damagaram. A tayar da inji, a kara waya, shi kuma yana zaune da 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai yana ba da umarni: matsa kusa da salansa, koma wajen tanki, yi mini shiru kai. Ya koma cin abinci da daɗi, ya koma faɗa. 'Yardada ta ce ranar da ta ji yana zazzaga wa wani masifa a waya ta san mijinta ya warke.

Shekara bakwai ana haka. Sannan wasu kiraye-kirayen suka fara zuwa masa wani iri. Muryar mai kira tangaran, amma da an kara wa inji waya sai sautin ya dusashe. Ya ɗora laifin a kan sabis. Abin ya riƙa yawaita, ya riƙa cika giɓin da tambayoyi da tsohon sani, yana tsallakewa da ƙyar.

Sai ranar Ɗantani. Ɗantani mai injin niƙa ne a Kabara, shekara ashirin suna tare. Ya sayi sabuwar waya babba, ya bugo da hantsi ya ce injin na wani kuka da bai yarda da shi ba, ga mata sun yi layi da markaɗe. Muryarsa ta fito kamar yana zaune a kan tabarmar. Ya kara wayar. Ilu ya ji rugugin inji na ƙiftawar ido, sai sautin ya nutse kamar an tsoma shi a randa, sai shiru. Ya ce a matso da ita. Ɗantani ya ce, "Malam, ai har ta taɓa ƙarfen." A soron kuwa akwai baƙi uku da suka zo gaisuwa, duk sun zuba masa ido suna jiran su ga abin da ake ba su labari. Kalma uku ce kawai, ban ji ba, amma ta ƙi fita. Ya gyara murya ya ce, "Ba komai. Lafiyarsa ƙalau, ci gaba da aikinka."

Kafin la'asar injin ya buga, fistin ya fasa gefe ya fito. Ɗantani bai zage shi ba, bai ma zo ba. Saƙo ya aiko cewa haka Allah ya ƙaddara, kada Malam ya sa komai a ransa. Da zagin ya yi da ya fi sauƙi. Magana ta zagaya kasuwa cewa kunnen Ilu ya tsufa, shi kuma ya yarda tun kafin ta iso gare shi. Ya ɗiga man zaitun a kunne a ɓoye. Ya riƙa gwada kansa da kukan kaji da takun mutane a lungu, yana jin komai, amma ya ce wa kansa ai wannan kowane tsoho na ji.

Mutum ɗaya ya zo da wata magana dabam, Nazeer mai gyaran waya a bakin titi, magidanci mai natsuwa. Ya tsuguna ya ce, "Baba Ilu, ba kunnenka ba ne. Waya ba ta ɗaukar sauti ta kai yadda yake. Yanka shi take gutsi-gutsi, ta matse, ta mayar da shi lambobi ta aika, ta can ta sake haɗawa. Kuma don muryar mutum aka gina hanyar. Sababbin nan ma rariya gare su, tankaɗe suke yi. Duk abin da ba murya ba sai su ɗauke shi hayaniya su zubar, don mai magana a kasuwa a ji shi sosai. Injin Ɗantani wayar ce ta zubar da shi."

Ilu ya dube shi sama da ƙasa. A ganinsa wannan irin maganar ce da ake yi wa majinyaci don ya samu barci. Ya ce, "Ta'aziyyar kunne ka zo yi mini? To na gode, Allah ya ba da lada, tashi ka tafi." Nazeer ya tashi ya tafi, wayar kuma ta ci gaba da kuka ba mai ɗagawa.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, cikin tsakiyar bazara, ƙarfe biyu saura kwata. Lungu ya yi tsit, maza duk sun tafi masallaci, ba abin da ake ji sai huɗuba daga lasifika can nesa. Ilu ya daɗe da samun uzuri, a gida yake sallarsa. Wayarsa ta yi kuka sau huɗu a jere, ya ƙyale ta. Sai ga 'Yardada ta fito da gudu ba ko mayafi, da tata 'yar wayar a hannu, ta manna masa a kunne ba tare da ta nemi izini ba.

"Ruƙayya ce," ta ce. "In ka ture hannuna, Malam, Allah na gani."

Ruƙayya matar ɗansu Sadiƙ ce. 'Yar gidan Alhaji Abdallah ce, cikin zuriyar Larabawan nan da kakanninsu suka ƙetaro hamada da fatauci suka zauna a birni. Shekara shida da aurenta, amma kalmomin da suka taɓa shiga tsakaninta da surukinta ba su cika tafin hannu ba. Daga bakin ƙofa take durƙusawa, kai a ƙasa, ta gaishe shi da muryar da sai ka kasa kunne, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Bai taɓa kiran sunanta ba, 'yar nan yake cewa. Mako uku ke nan tana gidan iyayenta wajen Ƙofar Kabuga tana jinyar mahaifinta, wanda aka sallamo daga asibiti da ciwon huhu da na'urar da ke ba shi iska, na'urar da ba ta aiki sai da wuta. Sadiƙ yana Legas.

Ko sallama Ruƙayya ba ta yi ba. "Baba, an ɗauke wuta tun safe. Janareta ke riƙe da na'urar Abba, yanzu ya ƙi tsayawa. In na tayar sai ya yi minti biyu ko uku ya mutu. Na mayar da Abba kan tukunyar iska ta ko-ta-kwana, amma allurar ma'auninta ta shiga ja. Nas ta ce in ta shiga ja ba ta wuce minti ashirin."

"Maza fa?"

"Duk suna masallaci da motar, wayoyinsu ba a ɗagawa. Titinmu sahu ya rufe shi. Daga ni sai Umma, tana riƙe masa abin hancin. Na shiga maƙwabta, mata ne kawai, nasu injin a kulle yake."

Ilu ya lissafa a ransa. Kafin a idar da salla a buɗe hanya, rabin awa ta wuce. Ya so ya ce mata ta nemi wani, amma wa? Duk wani bakanike da ya sani a garin nan yana cikin sahu a wannan lokacin.

"Tayar," ya ce. "Ki kara wayar wajen salansa."

Ya ji tana nishin jan igiya, sau ɗaya, sau biyu. Inji ya kama, rugugin ya cika masa kunne na ƙiftawar ido. Sannan ya nutse. Shiru, irin shirun ranar Ɗantani, ba bambanci. Ya karɓi wayar da hannun hagu ya danna ta a kunne har ƙashin ya yi zafi. Minti guda ya wuce a banza, yana sane cewa daga cikin ashirin ɗin wani aka cire shi.

"Baba, ka ji?"

Tsohuwar amsar ta taso masa har maƙogwaro. Zai iya cewa fulogi ne, ai galibi fulogi ne. Ya tuno fistin ɗin Ɗantani da ya fasa gefe, ya tuno cewa wannan karon ba ƙarfe ne a ɗaya ƙarshen ba. Ya rufe ido.

"Ban ji ba," ya ce. "Ban ji komai ba, 'yar nan."

'Yardada ta dafe ƙirji. A shekara arba'in da suke tare ba ta taɓa jin wannan daga bakinsa ba.

"Innalillahi," Ruƙayya ta ce. "Baba, ga shi fa yana yi, ga shi a gabana, yana ta..."

"Tsaya! Ci gaba da magana."

"Me zan ce?"

"Komai. Ƙirga daga ɗaya."

Ta fara ƙirgawa. A ƙarƙashin muryarta, can ƙasa, ya ji ɓurɓushin inji yana leƙowa a yayyage. Ta tsaya jan numfashi, injin ya ɓace. Ta ci gaba, ya dawo. Kunnen da ya mutu ba ya zaɓar lokacin da zai ji. Wayar ce ke buɗe ƙofa in mutum na magana, ta rufe in ya yi shiru. Ashe gaskiya Nazeer ya tsuguna ya gaya masa, ya kore shi. Amma ba lokacin murna ba ne, don ɓurɓushin bai isa a gane komai da shi ba, kuma tana kaiwa talatin ta ce, "Ya mutu."

"Kafin ya mutu me yake yi?"

"Mutuwa kawai yake yi, Baba."

Ga inda gizo ke saƙa. In farat ɗaya yake yankewa, baƙin mai ne ya yi ƙasa injin ke kashe kansa. In kuma shaƙewa yake yi a hankali, fetur ne ba ya isa, wannan kuma ƙofofinsa da yawa. In ya tura ta hanyar da ba ita ba, sauran mintunan sun tafi. Ya tambaye ta ta nan, ya tambaye ta ta can, ba ta da kalmomin, kuma ba laifinta ba ne. Sauti ne, sai an ji. Wayarsa ba ta karɓar saƙon murya, ta 'Yardada ma haka. Hanya ɗaya ce tsakaninsu, kuma muryar mutum kaɗai ke wucewa ta cikinta.

"Saurara," ya ce. "Wayar nan ba ta barin kukan inji ya wuce sai na mutum. Ke za ki zama injin. Ki yi mini kukansa da bakinki, daga tashinsa har mutuwarsa."

Shiru. Wannan shirun ba na waya ba ne.

"Baba..." ta ce da 'yar muryar bakin ƙofa.

Ya gane. Yarinyar da ba ta taɓa yin tari a gabansa ba yake cewa ta buɗe baki ta yi masa gurnani. Wanda bai tashi a cikin irin wannan tarbiyya ba zai ce ai wannan ba komai ba ne ana maganar rai, amma kunyar shekara shida ba riga ba ce da za a tuɓe a minti ɗaya, ta riga ta kama maƙogwaro. To, tunda shi ne babba, shi ya kamata ya fara zubar da tasa. Dattijo ɗan shekara sittin da bakwai, da karkataccen bakinsa, ya cika kumatu da iska.

"Durrrrrrr, kaf! Haka yake yi? Ko kuwa durrrr, fat, durrr, fat, fat?"

Miyau ya zubo masa a haɓa bai kula ba. 'Yardada ta kawar da kai.

"Kamar na biyun, amma ba haka ba ne sosai."

"To yi naki."

Ta yi wani ɗan sauti, kamar ƙuda a cikin kwalba. Daga nesa ya jiyo muryar Umma tana kiran sunanta, tana cewa allura ta kusa kwantawa.

"Ke Ruƙayya!" Tsawar ta sa kajin tsakar gida watsewa. Karo na farko ke nan da sunan ya fita daga bakinsa. "Ubanki ne ke neman numfashi! Kunyar ki ajiye ta, in an gama na mayar miki da kayarki. Buɗe baki!"

Ta buɗe. Da kuka a cikin muryar, amma ta buɗe, kuma wayar ta kawo masa shi tas. Gurnani ya tafi daidai, sannan ya yi sama, wuuu, ya faɗo, ya sake yin sama, ya faɗo, kowane hawa bai kai na bayansa ba, sai fat, fat, fat, ya kwanta. Ashe yarinyar tana da kunne. Ilu ya ga injin a gabansa kamar ya ɗora masa sukundireba. Yunwar fetur ce, ba baƙin mai ba. Amma datti ne a kafireta, inda fetur ke haɗuwa da iska, ko ruwa a tanki, ko tiyo ya toshe? Kafireta sai da sifana, ita ko sunanta ba ta sani ba. Yana wannan tunanin sai ya ji ta ƙarasa da wani siririn sauti, tsiiiii, kamar mai zuƙar iska ta tsakanin haƙora.

"Wannan na ƙarshen, naki ne ko nasa?"

"Nasa ne. Bayan ya mutu yake yi, a hankali."

"Daga ina?"

"Daga sama. Wajen murfin mai."

"Wa ya zuba mai yau?"

"Ni ce, wajen ƙarfe ɗaya."

"Me kika yi wa murfin?"

"Warin fetur ne ke shiga ɗakin Abba yana sa shi tari. Sai na shimfiɗa leda a bakin tankin na ɗaure murfin a kai, yadda muke yi wa jarkar kalanzir."

Da a da ne, da ta sha faɗan da ba za ta manta ba. Amma wace mace ce a birnin nan ba ta yi wa jarka haka? Tausayi ne ya sa ta, tana neman ta sauƙaƙa wa mahaifinta numfashi ta toshe na injin.

"Murfin nan yana da ɗan hanci da tanki ke shaƙar iska," ya ce. "In iska ba ta shiga, mai ba ya sauka. Buɗe, cire ledar, mayar da murfin shi kaɗai."

"Ya yi fuuu da na buɗe."

"Madalla. Ƙirga goma mai ya sauka, sannan ki ja."

Ta ja, bai kama ba. Ta sake ja, bai kama ba. Ya ji tana sheshsheka tana cewa tafin hannunta ya saluɓe. Ya ce ta naɗe shi da gefen mayafi, ta taka ƙafar injin, ta ja da bayanta ba da hannu ba. A na huɗu rugugin nan na ƙiftawar ido ya zo, wayar ta haɗiye shi.

"Ya tashi! Baba, ya tashi!"

"Ɗazu ma yana tashi. Ce wa Umma ta kunna na'urar, amma kada ta rufe tukunyar tukuna. Ke kuma tsaya a kansa ki ci gaba da yi mini abin da yake yi. In ya canza, ki canza."

Wannan ne ya fi komai tsawo. In hasashensa daidai ne, injin zai wuce minti ukun da yake mutuwa a kai. In ba daidai ba ne, tukunyar ta ƙare kuma ba sauran dabara. Ya sa 'Yardada ta riƙe masa wayar, ya ɗauki carbi da hannun hagu yana ja, ba tasbihi kaɗai yake ƙirgawa ba. Ruƙayya na gurnani a kunnensa, murya ɗaya miƙaƙƙiya. Duk lokacin da ta tsaya jan numfashi sai ya ce shi ke nan, sai ta ɗora. Wajen minti na biyu muryar ta ɗan yi rawa, ya daka mata tambaya, ke ce ko shi ne? Ta ce ita ce, maƙogwaronta ya bushe. Ya ce ta haɗiyi miyau ta ci gaba. Minti uku ya wuce. Huɗu. Bai bar ta ta tsaya ba sai da carbin ya nuna masa sun haura shida, muryarta ta dishe ta koma kamar ta tsohuwa.

Daga nan ya jiyo Umma daga nesa tana cewa fitilar na'urar ta koma kore, ƙirjin Alhaji ya lafa.

"Ya isa," ya ce. "Allah ya yi miki albarka. Ki ja injin nesa da tagar ɗakinsa, shi ne maganin warin."

"Amin, Baba," ta ce, kuma tuni muryar ta koma 'yar ƙaramar nan ta bakin ƙofa.

Alhaji Abdallah ya ƙara wata bakwai a duniya, ya ga sunan jikansa. Da Ruƙayya ta dawo gida ta zo gaisuwa, daga bakin ƙofa ta durƙusa, kai a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Har yau ba wanda ya tayar da zancen a cikinsu. Ya mayar mata da kayarta kamar yadda ya yi alkawari.

A ranar Juma'ar nan kuwa, bayan an kashe wayar, ya daɗe zaune. Masallata suka fara dawowa, yana jin takun kowa yana gane mai shi, hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace. Daɗi yake ji, kunnensa na nan da ransa. Amma akwai abin da ya tokare shi a ƙarƙashin daɗin. Wata huɗu yana makokin kunne, alhali kunne bai yi masa laifin komai ba. Ranar Ɗantani shiru kunnen ya ji, ya kuma gaya masa shiru ne. Bakinsa ne ya faɗi wani abu dabam.

Bayan la'asar ya ce wa 'Yardada ta miƙo masa tasa wayar. Ya aika a kira masa Nazeer in ya rufe shago. Sannan ya lalubo lambar da ya fi tsoro, ya danna da babban yatsan hagu.

"Malam Ilu?" Ɗantani ya ce da mamaki. "Ashe rai kan ga rai."

"Ɗantani, ka ce haka Allah ya ƙaddara, gaskiya ne. Amma akwai nawa a ciki. Ranar nan ban ji injinka ba, ko kaɗan ban ji ba. Baƙi ne a gabana, na ji nauyin in faɗa, na ce maka lafiyarsa ƙalau. Ka yafe mini."

Ilu ya jira, bai ce a matso da waya ba.

"Na sani, Malam," Ɗantani ya ce daga baya. "Tun ranar na sani. Shekara ashirin ban taɓa kawo maka inji ka sallame ni ba faɗa ba. Da ka ce ba komai, sai da gabana ya faɗi. Amma kai ka faɗa, shi ya sa ban kashe shi ba."